Kujera ta Huɗu a Teburin Nedyalka

"Ni ban ce mutumin banza ba ne," in ji Penka, tana buga katin a kan tebur. "Cewa na yi mu huɗu mun yi yawa. Lissafi ne, Nedyalka, ba ƙiyayya ba."

"Lissafin naki kullum a kan Kosta yake sauka."

"To a kan wa zai sauka? Shekara biyu ni da ke da Tsonka muna cin wasan nan kusan kowace Alhamis. Tun da kika jawo masa kujera, sau bakwai kati na kayar da mu."

Kosta, wanda ake yi a kansa, ya ɗora hula a gwiwa yana kallon labule kamar shi ya ɗinka. Tsohon direban jirgin ƙasa ne a garin Gabrovo, matarsa ta rasu bara waccan. Nedyalka ta ce tausayi ne ya sa ta gayyato shi. Tausayin nan dai ya kai ta wurin mai gyaran gashi sau biyu a wata ɗaya, kuma duk layin an gani. Ita ma ta san in babu kati, babu hujjar da zai riƙa shigo mata gida, ita da ba miji, bakunan maƙwabta kuwa ba su hutu.

Wasan ba na cin juna ba ne. Katin lambobi ne ake jerawa tuli-tuli, kowane sai ya fi na ƙarƙashinsa. Ko dai a ƙarar da katin a ci tare, ko wani ya rasa inda zai ajiye a faɗi tare. Kuma ba a yarda mutum ya faɗi lambar da ke hannunsa ba.

Penka ta yi shekara talatin tana koyarwa, har yanzu ba ta san an tashi daga aji ba. Ta ɗaga yatsa. "In muna uku, kowa bakwai yake riƙewa, yana da zaɓi. In muna huɗu, shida-shida. Sannan kafin zagaye ya dawo kaina, hannu uku sun bi ta kan tulin da nake wa tanadi. In bar shi a ashirin da biyu, in dawo in tarar da sittin."

"Sittin ɗin nan ai ni na ɗora, Malama," in ji Tsonka.

"Ke naki ciwon daban ne. Yau in muka faɗi, Alhamis mai zuwa mu uku ne."

Kosta ya fara miƙewa. "Bari in sauƙaƙa muku, 'yan mata."

"Zauna, dattijo," in ji Nedyalka. "Kujerata ce, ban ce ka ba ni ba."

Aka raba. Tun zagaye na uku abin ya fara lalacewa, tuli biyu sun haura tamanin, ga kati jibge ba a taɓa ba. Penka tana tsaki, amma fuskarta fes, kamar wadda aka kawo wa albishir. Nedyalka ta dubi nata hannun, duk ƙananan lambobi, babu wurin ajiye ko ɗaya. Sai ƙamshin banitsar da ta sa a murhu ya shigo, wato gashin fulawa mai cuku da man shanu.

"Wayyo, za ta ƙone," in ji Nedyalka. "Penka ƙawata, duk garin nan wa ya kai ki sanin lokacin sauke banitsa? Ni kullum sai ta bushe min."

"Don ba kya yayyafa mata ruwa ki rufe da tawul," in ji Penka, ta riga ta miƙe.

Akwai wata doka a teburin nan, Penka ce ma ta kafa ta saboda 'yar Tsonka da ke yawan bugo waya daga Sifen: duk wanda ya tashi, an soke zagayen, a sake rabawa babu shi. Ƙafar Penka na shiga kicin Nedyalka ta tattare katin.

Su uku, bakwai-bakwai. Kosta da ya saba jiran jirgi ya wuce kafin ya tayar da nasa, bai taɓa ajiye kati ba sai ya dubi idon kowa. Tsonka ma da babu mai yi mata tsaki sai ta daina kuskure. Kafin banitsa ta gama shan iska ƙarƙashin tawul, Kosta ya ajiye katin ƙarshe.

Penka ta fito da tire ta tarar suna tafawa.

"Kin yi gaskiya, Malama," in ji Nedyalka. "Uku ya fi sauƙi nesa ba kusa ba."

"Ai na faɗa muku." Penka ta yi murmushi, sannan ta ƙirga kawunan da ke teburin, murmushin ya tsaya a hanya.

"Ba korar kowa za a yi ba," in ji Nedyalka. "Mu riƙa karɓa-karɓa, uku na wasa, ɗaya na duba murhu. Tunda kuma ke kika fi mu iya murhun..."

"Ni za ku mayar kuku? Ni da na koya muku wasan?"

"Zauna mu ci da zafinta," in ji Kosta, yana miƙa hannu.

Penka ta janye tiren. "Ku uku ne ai, komai ya fi muku sauƙi. Ku gasa wata."

Ta rungumi banitsar da tawul ɗin da komai, ta fice, ta bugo ƙofa har labule ya girgiza.