Uban da Ke Kan Takarda

Tsvetan ya riga ya ɗauki biro lokacin da likitar ta janye takardar.

"Dakata. Nan an rubuta Nevena Zhivkova. Kai ne Zhivko?"

"Ni ne ubanta. Ni na ɗauko ta daga ƙarƙashin lilon makaranta."

"Ban musa ba, malam. Amma ba zan sa wa yarinya maganin barci da izinin wanda doka ba ta sani ba. Da ranta ne a hatsari, ba zan jira kowa ba. Gwiwar hannu ce, in ba a yi aikin yau ba ƙashin zai iya haɗewa a karkace. Ina uwarta?"

Uwarta, Rumyana, tana Italiya tana jinyar wata tsohuwa, izini ta waya kuma ba ya karɓuwa. Lokacin da aka haifi Nevena kotu ba ta gama raba auren Rumyana da Zhivko ba, sai aka rubuta jaririyar da sunan mijin. Tsvetan da Rumyana kuwa ba su taɓa ɗaura aure ba. Yarinya har ta shiga aji biyu suna cewa za su je kotu in an samu sarari.

A bas ɗin zuwa neman Zhivko, Tsvetan ya kasa zama. Ya tashi, ya riƙe ƙarfe, ya koma ya zauna, wata mata ta harare shi.

Kasuwar garin Pleven ta cika da masu sayen tattasai na gasawa don hunturu. Zhivko yana bayan buhunansa, ya ƙara ƙiba, kansa ya yi sanƙo.

"A'a, ɓarawon mata da kansa. Me ya rage a gidana da ba ka ɗauka ba?"

"Yaya Zhivko, yarinyar ce ta karye."

"Yau kuma na zama yaya? Sai ka kai ta asibiti, ni mai ɗori ne?"

"Tana can. Sun ce sai ka sa hannu."

Zhivko ya ci gaba da auna wa wata mata tattasai, ya cire ɗaya, ya mayar, kamar ba da shi ake ba. Tsvetan ya tsaya yana murza hularsa. Ya shirya roƙo iri-iri a hanya, duk sun gudu.

"Tana kuka?" in ji Zhivko.

"Ta daina. Shi ya fi tayar mini da hankali."

Zhivko ya goge hannu a riga, ya ce wa maƙwabcinsa, "Duba mini kaya, kar kuma ka ci." Da tsohuwar motarsa suka tafi.

A asibiti likitar ta duba katin shaidar Zhivko, ta tura masa takardar. Ta ƙofar da aka bari a buɗe ana hango Nevena kwance, fuskarta ta yi fari fat, tana ɗaga wa Tsvetan hannun mai lafiya. Zhivko ya daɗe yana kallonta. Bai taɓa ganinta ba.

"Hancinka ne sak, baiwar Allah," ya ce wa Tsvetan.

Ya sa hannu a ƙasa. Likitar ta nuna masa wani layi a sama. "Nan kuma sunan 'yarka."

Biron ya tsaya. Zhivko ya juyo, ya rage murya don kada likitar ta ji.

"Kai, ya ma sunanta?"