Jan Tawul a Taga

Yaya ta haye benen a guje, ta banke ƙofa, ta fizge jan tawul ɗin daga ƙarfen taga har gefensa ya yage. Mama, da ke kwance tana ja da numfashi, ta ɗago kai da ƙyar tana tambaya ko da aljanu ta taho daga gidan miji, ba gaisuwa ba komai.

Maganar mai askin ƙasan bene ce ta sa Yaya wannan gaggawa. Saukarta daga mota ke nan ya tare ta, ya ce akwai wani dogo mai ɗingishi da ya daɗe yana zuwa. Yakan tsaya tsallaken titi, ya ɗaga kai ya dubi tagarsu, ya juya. Ko jiya ma ya zo, ya rame kamar a hure shi.

Auta ne, ƙaninta. Ɗingishin nan dukan Baba ne ya bar masa shi.

Tun suna yara, in Baba ya dawo a fusace, Yaya kan rataya tawul ɗin a taga, alamar kada Auta ya shigo. Su biyu kaɗai suka san da haka. Tun ranar da ta rataya shi na ƙarshe, Auta bai sake kwana a gidan ba. Ita ta yi aure can nesa, Baba ya rasu, tawul ya zama na Mama.

"Mama, tun yaushe kike shanya shi a nan?"

"Tun rasuwar babanku. Nan rana ta fi bugawa." Ta yi tari. "Kuma in na shanya sai in ɗan tsaya duban hanya, ko Allah zai jefo min yaron nan kafin ta Allah ta kasance."

Yaya ta cusa tawul ɗin ƙarƙashin gado, ta wangale tagar, ta zauna. Likita ya riga ya gaya mata ciwon Mama ba na tashi ba ne. Har la'asar tana ƙirga masu wucewa da ido. Ko kare ya ɗingisa sai ta miƙe ta leƙa. Wurin tsayuwarsa, gindin fal ɗin lantarki, ba kowa, amma ji take ana kallonta daga can.

Sai takun ƙafa a matakala. Yaya ta kasa kunne: tafiya ce daidai, ba ja.

Wata mata ce da ba ta taɓa gani ba, goye da jariri, idanu jajur. Ta leƙa gadon Mama, sannan ta rage murya.

"Ke ce yayarsa? Ni matarsa ce. Ya ce kada in kuskura in hawo sai na ga tagar wayam. Ɗauko mayafinki, shi dai ba zai iya zuwa da ƙafarsa ba. Kada ki ce wa tsohuwa komai tukuna."