Lai'atu da Kwamfutar Waya

A shekarar 2007 Alhaji Maikuɗi, mai kamfanin casar shinkafa a Kura, ya sayo kwamfutar da ke karɓar kiran waya tana rarrabawa tsakanin ofis, sito da ɗakin direbobi. Lai'atu, 'yar Kafanchan da ta koyi kwamfuta a Kano, ita aka damƙa wa kula da ita.

Ana shiga kakar shinkafar rani sai layi ya lalace. Dillali zai kira daga Bunkure, yana tsakiyar magana murya ta kakkarye, kiran ya yanke. Wata safiya mota ta tafi Kadawa alhali a Garun Mallam ake jiranta.

Alhaji ya kira Isiyaku, injiniyan da ya haɗa kwamfutar. Isiyaku ya ce manhajar riga-kafin bairos ce ke shaƙe ta, a cire kawai.

"Kin ji, 'yata. Cire ta," in ji Alhaji.

"Ranka ya daɗe, in na cire yau, gobe wani ya soka wa kwamfutar filas mai bairos, ba karyewar murya ba, shiru za mu ji gaba ɗaya. A yi mini haƙuri zuwa Juma'a."

Alhaji ya dube ta ya jinjina kai. "Juma'a. Ba ƙari."

Ta jawo kujera gaban kwamfutar, ko abinci a nan take ci. Duk kiran da ya yanke sai ta duba me manhajar ke yi a lokacin. A hankali ta gano: kowace murya da kwamfutar ta naɗa, sai manhajar ta riƙe ta tana bincike, ga kuma babban bincike da take farawa da hantsi, daidai lokacin da kira ya fi yawa.

Ta umarci manhajar ta bar ma'ajiyar muryoyi, ta tsare sauran. Babban binciken ta mayar da shi lokacin sallar Juma'a, sa'ad da ma'aikata ke masallaci, ita kuwa Kirista tana ofis. Da yake babu intanet a kamfanin, ta hau bas zuwa Kano, ta sauko da sabon riga-kafi a faifai. Ta dawo ta sa kafinta ya yi wa kwamfutar akwati mai kwaɗo.

Ranar Juma'a da la'asar Alhaji ya fita bakin titi, ya kira ofis da salularsa. Ya nemi sito, aka ba shi. Ya nemi ɗakin direbobi, aka ba shi. Ya daɗe yana surutu da gangan, murya tangaran.

Ya dawo yana murmushi. "To, shi ke nan an gama?"

"A'a, Alhaji. Bairos kullum sabo ake yi. Duk mako sai na je Kano."

"Ki riƙa bin motar kaya," ya ce. "Zan gaya wa direba."