Kwale-kwale Mai Yoyo

Auta tana jingina wayarta ne a jikin gwangwanin maɓallai, gefen keken ɗinki, inda za ta iya satar kallo ba tare da allura ta ci yatsarta ba. Shagonta ɗan ƙarami ne, in mutum biyu suka shigo sai na uku ya tsaya a bakin ƙofa ya miƙo yadinsa. Ita kuwa ba mai magana ba ce. In mai kaya ta ce rigar ta matse ta, Auta sai ta ce "to" ta warware ɗinkin, ko da ta san matar ce ta ƙara ƙiba.

Abin da ke cikin wayar wani tsohon wasa ne da ake yi ta intanet, masu yin sa suna ce masa Tafki. Kamun kifi ne kawai. Kowa yana farawa da ɗan kwale-kwale mai yoyo, in ya yi ta kamu sai ya samu raga, ya samu jirgi, har ya zama wani abu. Wasan ya tsufa har yana ba da tausayi. Idon kifin ciki mai kusurwa huɗu ne, gajimare guda ɗaya ne yake ta kewaya sama. Yara in suka leƙa sai su ce, "Anti, wannan ai kakan wasanni ne."

Auta ba don kifin take yi ba. Don Yaya take yi.

Yaya, babban wansu, direban babbar mota ne, yakan yi watanni bai taka gida ba. In ka kira shi a waya, iyakarsa, "Lafiya? Kowa lafiya? To madalla," ya kashe. Amma a Tafki, duk waɗanda suka hau jirgi ɗaya suna jin muryar juna, kifi kuma ba ya zuwa da wuri. In Yaya yana jiran a yi masa lodi, yakan kishingiɗa a inuwar mota ya jefa ƙugiya, shiru ya ishe shi, sai bakinsa ya buɗe. A nan Auta ta san yana fama da ciwon baya. A nan ta san har yanzu yana mafarkin mahaifiyarsu. Tana taka keke tana cewa "uhm", shi yana ta zuba.

Wata rana kamfanin wasan ya aiko da sanarwa. Tafkunan wasan suna da yawa, kowanne da mutanensa, kuma duk tafkin da sababbin 'yan wasa ba sa zama a cikinsa za a rufe shi in zangon nan ya ƙare.

"In sun rufe shi ke nan, na huta," in ji Yaya. "Ni ban da ƙarfin koyon wani sabo."

Auta ta ce "uhm", amma ranar sai da ta ɗinka hannun riga a baibai.

Aka kira taro a shagon aski da ke jikin nata. Mai shagon shi ne shugaban tafkin, kowa Kyaftin yake ce masa, don jirginsa bene uku ne, fentin zinariya, har da aku a samansa. Sai Nas, mai shagon magani ta tsallaken titi, wadda ba ta taɓa aikin asibiti ba amma sunan ya bi ta. Sauran mutanen tafkin suna nesa, ta waya suke sauraro.

Kyaftin ya bar wani bawan Allah da rabin kai a aske, ya ɗaga injin aski sama.

"Jama'a, maganar ɗaya ce. Kowa ya kawo baƙo. In baƙo ya zo kuma, kada ya sha wahalar da muka sha. An ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, to mu har tabarmar za mu haɗa masa."

"Malam, kaina fa," in ji mai rabin aski.

"Kai ma kana da waya? Kawo a sa maka."

Haka aka yi. Nas ta kawo ƙanwar mijinta, Kyaftin ya kawo mai wankin mota da mai gadin layi. Duk baƙon da ya shigo, kafin ya gane ina ne gaban kwale-kwale, sai ya ga manyan jirage sun kewaye shi. Wannan ya ba shi raga, wancan ya ba shi inji, Kyaftin ya ɗora masa jirgi mai bene ɗaya da hula. Baƙo ya yi godiya, ya yi kwana biyu, ba a sake ganinsa ba.

Kyaftin ya tare mai wankin mota a bakin famfo.

"Kai, lafiya ba ka shigowa?"

"Ai na gama, Kyaftin."

"Ka gama me?"

"Wasan mana. Na jefa ragar da ka ba ni, na kamo ƙaton kifin nan mai gemu. Da sauran wani abu ne?"

Kyaftin ya daɗe yana kallonsa. Kifin nan mai gemu, shi sai da ya yi shekaru yana bin sa. Ya dawo shago ya gaya wa Nas, suka haɗa kai suka yi nazari, suka gano inda matsalar take: kyautar ce ta yi kaɗan. Daga ranar baƙo jirgi mai bene biyu ake ba shi. Wanda ake samu ya yi kwana biyu ya koma yin wuni ɗaya.

Auta ba ta kawo kowa ba. Sau da yawa takan buɗe baki za ta yi wa mai kaya tayi, sai ta ji kanta tana cewa, "Jibi ki dawo."

Ana cikin haka Gwaggo, ƙanwar mahaifinsu, ta zo da riga a rage mata tsawo, ta ce ba inda za ta sai an gama. Ta zauna a kan kujerar roba tana fifita da gefen mayafi, tana kushe komai, daga zaren har fankar shagon.

"Ke wai me kike ta leƙe a wayar nan? Saurayi ne?"

"Wasa ne, Gwaggo. Na kifi."

"Kifi a waya? Duniya ta zo ƙarshe. Mu gani."

Don dai a samu lafiya, Auta ta karɓi wayar Gwaggo ta sa mata. An yi sa'a wayar Kyaftin tana wurin gyara, Nas kuma ta tafi sarin kaya, ba wanda ya ga shigowar baƙuwa. Gwaggo ta tsinci kanta ita kaɗai a kwale-kwale mai yoyo.

"Ke, ruwa yana shigowa!"

"Ki danna ƙwaryar nan, ki riƙa kwashewa."

Gwaggo ta kwashe, ta jefa ƙugiya, ta jira. Igiya ta motsa, ta ja da ƙarfi har wayar ta kusa faɗuwa.

"Takalmi! Takalmi na kamo! Ni za a raina wa hankali?"

Ta sake jefawa. Ta kamo gwangwani. Kwale-kwalen ya nutse, ta dawo bakin gaɓa tana faɗa. Auta ta gama rigar, ta goge, ta ninke, Gwaggo ko kallo ba ta yi ba. Washegari sai ga ta ta dawo, ba riga ba komai, wai hanya ce ta biyo da ita. Can da la'asar ta kwarma ihun da ya sa mai gadi ya rugo da sanda. Ɗan kifi ta kamo, bai kai ɗan yatsa ba.

Ihun ne ya tona asiri. Kyaftin, wanda wayarsa ta dawo, ya leƙo ya ga abin da ake ciki, ya koma da sauri. Nan take jirgin zinariya ya tsaya a kan kwale-kwalen Gwaggo.

"Wane ne wannan ya tare min rana?"

Kyaftin ya shigo da murmushi har kunne. "Ni ne, Gwaggo. Ga raga, ga inji, ga jirgi. Ki danna kore kawai, duk naki ne."

"Ka ga na miƙo maka hannu?"

"Kyauta ce ai."

"Riƙe abinka, ɗan nan. Kifin nan da ka gani ni na kamo shi, kuma na ga yayansa a gindin ciyawar can, da shi zan kwana a raina. Janye min wannan gidan bikin naka, kana korar min su."

Kyaftin ya fita yana sosa ƙeya. Auta ta tsayar da keke. Ta tuna lokacin da ita da Yaya suka fara, shi yana kwasar ruwa ita tana tuƙi, suna nutsewa suna dariya. Ta tuna ranar da suka samu ragarsu ta farko, Yaya ya yi ta murna kamar an ba shi mota. Rabon da ta ji irin ihun Gwaggo a tafkin nan har ta manta.

Ta gane abin, amma ganewa daban, faɗa daban. Ta kwana biyu tana juya maganar a ciki. Zango kuwa yana ta ƙarewa.

A taro na gaba Kyaftin ya kawo shawarar a fara ba baƙi aku. Auta tana tsaye a bakin ƙofa, idonta a kan gashin da ke ƙasa.

"Mu ne muke korarsu," ta ce.

Nas ta juyo. "Wa ya yi magana?"

"Auta ce," in ji Yaya daga cikin waya. "Ku yi shiru, ba kullum ake samu ba."

Kunya ta kama ta kamar ta nutse, amma ta ci gaba, tana murza tef ɗin awo a yatsa. Ta ce wanda aka ba komai ba shi da abin da zai dawo nema gobe. Ta ce Gwaggo da ba a ba ta ko ƙugiya ba, ita ce kaɗai ta zauna. A daina kyauta. Kuma manyan jiragen nan a ɗaure su a gaɓa, kowa ya koma kwale-kwale, don baƙo in ya ɗaga kai ya ga mutane irinsa.

Kyaftin ya dafe ƙirji. "In ɗaure jirgina? Mai bene uku?"

"Ba sace shi za a yi ba," in ji Nas.

"Akun fa? Wa zai kula da shi?"

"Akun da tun da aka yi shi kalma ɗaya ya iya?"

"Ni na ɗaure nawa," Yaya ya ce. "Auta, gobe ke ce da tuƙi."

Ba a rabu ba sai da Kyaftin ya yarda, yana yi yana ajiyar zuciya kamar wanda za a cire wa haƙori.

Aka bi waɗanda suka gudu ana ba su haƙuri, aka ce su sake farawa daga tushe. Mai wankin mota ya ce zai leƙo don kunyar Kyaftin. Abin da ba wanda ya zata shi ne, Kyaftin ya manta yadda ake tuƙa kwale-kwale. Ya saba inji ya yi masa komai. Ranar farko ya nutse a gaban kowa, ko nisa da gaɓa bai yi ba, mai wankin mota ne ya tsamo shi.

"Kyaftin, ƙwaryar ake dannawa."

"Na sani! Gwada ku nake yi."

Tun daga ranar mai wankin mota bai sake fashi ba, ya ce ko don ya ga nutsewar Kyaftin zai riƙa zuwa. Gwaggo kuma ta kamo yayan kifin nata, ta bi gidajen ƙawayenta tana nuna musu, su kuwa suka ce abin da Gwaggo ta iya ba zai gagare su ba. Tafki ya cika da tsofaffin mata masu faɗa da takalma. Sau ɗaya aka kama Kyaftin yana miƙa wa wata ƙugiya a ɓoye, Nas ta ce in ya ƙara za a saki akun.

Ranar da zangon ya ƙare, Auta ta share shago, ta sa wa keke mai, ta jera zare, duk don kada ta taɓa wayar. Da ta rasa abin yi sai ta kunna. 'Yar da'irar da ke nuna wasan yana buɗewa ta yi ta juyawa, ta yi ta juyawa. Sai ga ruwa. A sama an rubuta cewa wannan tafkin yana cikin waɗanda aka bari. Ta bango ta jiyo Kyaftin yana gaya wa wani da ya zo aski cewa dabararsa ce.

Da rana Yaya ya shigo. Suna hawa kwale-kwale sai ga Gwaggo ta nufo su, tana ɗaga hannu a tsaya.

"Tuƙa, Auta, tuƙa kafin ta iso. Jiya ta hau nawa, har na bar wurin lodi tana ba ni labarin kifi ɗaya."

Auta ta tuƙa har bayan ciyawa, inda ba a hango su. Yaya ya kwashe ruwa, ya jefa ƙugiya. Ita ta jawo wani siket ta sa a keke. Aka daɗe ba kifi.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Akwai wata."

Ta ɗauke ƙafa daga kan keken. "Wata wa?"

"Ke dai kwashe ruwan nan tukuna, labarin da tsawo."