Tambayar Famfo na Biyu

Da safen nan Misbahu ya fito daga gidansa a garin Bowie zai tafi taro a wurin aiki. Ya hau babban titin da ya zagaye Washington yana roƙon Allah ya sa cunkoso ya riƙe shi har a gama taron babu shi. Ina! Ranar ce hanya ta buɗe fayau kamar an share masa ita.

Misbahu injiniya ne a hukumar da ke sa ido kan tashoshin lantarki na nukiliya, fanninsa kuwa famfunan sanyayawa na gaggawa. Tukunyar nukiliya ba murhu ba ce da za a zare itace ta huce. Ko an kashe ta, cikinta yana ci gaba da zafi. In bututu ya fashe ruwan ya tsiyaye, famfunan nan ne za su danna wani ruwan kafin ƙarfe ya narke. Shi ya sa ƙa'ida ta ce famfo biyu su kasance a shirye kullum. In ɗaya ya lalace, akwai wa'adin gyara, in ya wuce a kashe tashar. Sai fa in kamfani ya roƙi ƙarin lokaci, ya kuma gamsar da hukuma cewa na biyun lafiyarsa lau.

To, wata tasha a wata jiha famfonta na ɗaya ya kwanta, wa'adi zai cika da yammacin yau, ga zafin bazara ya sa kowa ya kunna na'urar sanyi. Kamfanin ya roƙi ƙari. Wanda zai zo ya kare roƙon kuwa Alhaji Dabo ne, babban injiniyansu, surukin Misbahu.

Ba shi ya haifi Mubina, matar Misbahu, ba. Aminin mahaifinta ne. Da mahaifin ya rasu a Zariya shi ya ɗauko ta, ta yi karatu a gidansa na Upper Marlboro, kusa da Washington, kuma shi ya tsaya waliyyinta ranar ɗaurin aure. Misbahu bai taɓa kama sunansa ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa miƙa masa hannu ba. Shi ma Alhaji bai taɓa kiransa da suna ba, sai dai ya ce "mutanen Bowie", yana murmushi. Misbahu maraya ne tun yana ƙarami, kuma duk faɗin Amurka falon Alhaji ne kaɗai inda yake jin yana da uba.

A falon ne abin ya same shi. Ranar Lahadi ya je gaisuwa, ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa a gefen kafet. Ana cikin gaisawa wayar Alhaji ta yi ƙara. Dattijon bai tashi ba, bai rage murya ba. Don me zai rage? Surukin da ke durƙushe ai ba ya jin magana, ko ya ji ba ya ɗaukarta. Cikin Turanci Alhaji ya ce wa na can tashar, "Boris ɗin famfo na biyun yana ɗaukar zafi? To kun tsayar da gwajin kafin ya kai iyaka? Madalla. Tunda bai kai ba, gwaji ya yi kyau." Ya ajiye wayar ya ce, "Ina muka tsaya? Yaya mutanen gidan?"

Misbahu ya san abin da ya ji. Famfon da boris ɗinsa, wato ƙarfen da sandar injin ke juyawa a cikinsa, ke zafi a ɗan gajeren gwaji ba zai jure gudun yini da kwana ba ranar da aka neme shi da gaske.

Ya buga ko'ina. Ya samu shugabarsa Martina a ofis ya roƙe ta ta cire shi daga taron.

"Mahaifin matarka ne?" ta tambaya.

"A'a."

"Kawunta? Akwai jini?"

"Babu. Shi ya ba ni ita."

Martina ta dube shi kamar ya ce an ba shi kujera. Mace ce mai kirki, amma ƙa'idarsu ta san uba, ta san kawu, ba ta san waliyyi ba. Ta ce lauyoyi ba su ga matsala ba, ɗayan masanin famfon yana asibiti, shi kaɗai gare ta. Ya so ya faɗa mata zancen wayar, sai ya fasa. Yaya zai kwashi maganar falon suruki ya zube wa baƙuwa?

Sai ya bi hanyar gida. Ya gaya wa Mubina, Mubina ta kira Hajiya Talatu, matar Alhaji, don ta lallaɓa ta ce masa ya faɗi zancen boris da bakinsa kafin a tambaye shi. Amsar ta dawo ta hanyar da ta tafi. Mubina ta faɗe ta tana goge ido: "Baba ya ce famfon zai riƙe, ya san shi shekara da shekaru. Ya ce kuma kada in damu, mijina mai kunya ne."

Wannan kalmar ta fi zagi yi masa ciwo. Ashe a kan kunyarsa dattijon ya jingina.

"Don Allah, Abban Zahra," in ji Mubina, "ka yi shiru kawai. Ba ƙarya aka ce ka yi ba. In aka kashe tashar nan a kansa za a sauke, shi ya ba su tabbaci. Da wane ido zan shiga gidan?"

"Akwai gari a gindin tashar nan, Mubina. Da makarantu."

"Na sani!" ta ce da ƙarfi, sai kuma ta sassauta. "Na sani. Ni dai Baba nake ji."

Yanzu ga shi a ɗakin taro, sanyin na'ura na busawa. Alhaji Dabo ya shigo da mutanensa cikin kwat mai ruwan toka, furfurarsa tas. Saura kaɗan Misbahu ya sauka ya durƙusa kamar yadda ya saba, da ƙyar ya tsayar da kansa a kujera. Ya kafa ido a kan tebur, abokan aikinsa suna zaton nazari yake.

Alhaji ya yi bayani, kuma ya iya bayani, Allah ya ba shi wannan. Kayan gyara suna hanya. Miliyoyin mutane na buƙatar wuta cikin zafin nan, har da tsofaffi da marasa lafiya. An gwada famfo na biyu, kowane awo yana cikin iyaka. Ko kalma ɗaya ta ƙarya babu a ciki. Kawuna suka fara gyaɗawa. Misbahu ya yi ta jira wani ya tambayi tsawon gwajin. Ya roƙi Allah ya jefa tambayar a bakin kowa, ko mai ɗaukar bayanin taro ne. Ba wanda ya yi.

Martina ta ce, "Misbahu, famfo naka ne. Kana da tambaya, ko mu amince?"

Misbahu ya tuna hannun Alhaji a kan 'yarsu Zahra ranar suna, yana tofa mata addu'a. Ya tuna kuma yadda boris ke yi in ya ƙone: ba ya sallama, tsayawa kawai yake. Da ana sayen mutuwa ta minti ɗaya, da ya saya a lokacin.

"Ina da guda ɗaya," ya ce, idonsa a kan tebur, muryarsa kamar ta aro. "Gwajin ƙarshe na famfo na biyu, an kai shi ƙarshe, ko an tsayar da shi a hanya? In an tsayar, me ya sa?"

Wani daga kamfanin ya fara cewa za su bincika su dawo, Alhaji ya ɗaga masa hannu. Dattijon yana da taurin kai, amma ba maƙaryaci ba ne.

"An tsayar," ya ce a hankali. "Zafin boris yana hawa."

Sauran bai ɗauki lokaci ba. Aka ƙi ƙarin wa'adi, aka ce a fara sauke tashar kafin yamma. Martina ta dafa kafaɗar Misbahu ta ce aikinsa ya yi kyau, shi kuwa ya tattara takardunsa ya fice.

Ya tarar da Alhaji a bakin lif, shi kaɗai, mutanensa sun yi gaba suna waya. Misbahu bai damu da masu wucewa ba, bai damu da kwat ɗinsa ba. Ya matso ya fara durƙusawa.

"Baba, don girman Allah..."

Alhaji bai bari gwiwarsa ta kai ƙasa ba. Ya miƙo hannu, irin miƙowar da ake yi wa baƙon ofis, ya kama na Misbahu ya tsayar da shi tsaye, ya girgiza. Ya dube shi cikin ido, abin da bai taɓa yi ba, babu fushi a fuskarsa ko kaɗan. Da ma fushin ne, da da sauƙi.

"Tambayarka tana kan hanya, Injiniya Misbahu," ya ce cikin Turanci. "Na gode."

Lif ya buɗe, ya shiga, ƙofa ta rufe. Misbahu ya tsaya yana kallon tafin hannunsa, wayarsa na ta rawa a aljihu. Ya san Mubina ce. Tun da ya auri 'yar gidan, yau ne ya fara jin sunansa a bakin dattijon.