Ni Na Gina Ta

Wata injiniya na gyaran CV ɗinta a shagon ɗinkin yayarta, sai tsohon oganta ya kira, wanda ya sallame ta bayan ta gina masa manhaja ita kaɗai.

"Ki rubuta taimakawa kawai kika yi," in ji shi, "in kina so in tsaya miki shaida."

Yayar ta tsayar da keke. "Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi! Amma ki haƙura, aiki kike nema."

"Yaya, bayana ne ya ƙage a kujera, ba nasa ba."

Ta rubuta "ni na gina ta", ta goge sunansa, ta kira shi.

"Oga, riƙe shaidarka. Manhajar ta ishe ni."