Raɓa a Fuskar Inna

Safar jariri ce ta jawo komai. Ruwan sama ya ƙi ɗaukewa, igiyar shanya ta cika, sai Auta ta lura bayan allon kwamfutar Baba akwai ɗumi, wajen 'yan ramukan nan da zafi yake fita. Ta riƙa shimfiɗa safa da 'yan wanduna a kai duk sanda Baba ya fita miƙe ƙafa, ta kwashe kafin ya dawo. Ko matsewar kirki ba ta yi musu. A ranta har yabon kanta take, wai ta iya dabara.

Baba dai abu ɗaya yake yi da kwamfutar nan. Tun rasuwar Inna babban ɗansa, Yaya, ya sa masa hotonta ya cika allon, tana dariya, ɗankwalinta ya karkace. Kullum da safe sai ya ja kujera har hancinsa ya kusa taɓa gilashi, don idonsa ya yi rauni, kofin shayi a hannu, ya yi ta ba ta labari: ciwon gwiwa, maƙwabcin da ya sake tare ƙofa da motarsa, jikan da ya fara haƙori.

Ran nan ya kunna, sai ga raɓa ta kwanta daga goshin Inna har haɓarta. Ya goge da hannun riga, ko gezau. Daga ciki take.

"Auta! Zo ki gani, ba na ganin uwarki."

Ta ruga ta kira mai gyaran da ke bakin layi. Ya zo ya zare waya daga bango, ya karkata allon, ya leƙa.

"Danshi ne ya shiga. Kada a kunna. A ajiye inda iska ke wucewa, a sa masa fanka daga nesa, ban da rana, ban da abin busar gashi. In an yi haƙuri zai bushe. Amma akwai abin da ke tururi kusa da shi?"

Auta ta buɗe baki. Safar tana cikin aljihunta, da sanyinta. Kafin ta furta komai Baba ya kalli kofinsa.

"Ni ne," ya ce a hankali. "Shayina ne da numfashina. Surutu na cika mata, tana raye ma haka ta yi ta fama da ni."

Mai gyara ya ɗaga kafaɗa, ya ce zai iya yiwuwa. Ita kuma Auta, uwar dabara, ta bar laifin a kan Baba. Kunya ce ta hana ta faɗin gaskiya, da tsoron abin da Yaya zai ce in ya ji, shi da ba ya raina abin faɗa.

Kwanakin da allon ya yi gaban fanka, ita ta riƙa juya shi, tana leƙawa, tana jin haushin kanta. Baba ya daina shayin safe. In ta kawo sai ya ce a bar shi, ya ƙoshi. Duk sanda ta shirya magana sai ta ce bari dai ya bushe tukuna, a faɗa cikin farin ciki.

Ya bushe kuwa. Inna ta dawo da dariyarta, sai ɗan tabo a kusurwa. Auta ta shigo da murna, ta tarar Baba ya ja kujerarsa can bakin ƙofa, ya rufe baki da hankici, yana ƙanƙance ido.

"Baba, ku matso mana. Daga nan me za ku gani?"

"A'a, nan ma ya isa. Kada in sake shaƙe ta."

Ta durƙusa, ta zaro safar ta ɗora masa a gwiwa. Ta faɗa masa komai: ita ce, jiƙaƙƙun kaya ta yi ta shanyawa a kai, shayinsa bai yi laifin komai ba.

Baba ya juya safar a hannu, ya yi murmushi.

"Halin uwarki sak. Ita ma haka take ɗauke mini laifi ta ɗora wa kanta. Allah ya yi miki albarka."

"Wallahi Baba da gaske nake."

"Na ji, na ji." Ya mayar da hankicin bakinsa, bai motsa kujerar ba. "Ke da idonki ke da kyau, duba mini. Har yanzu tana dariyar?"